Tambaya da Amsa: Makullin Mota Ya Ɓata, Wurin Wa Za a Nufa?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato ɓatan makullin mota da irin kuɗin da ake kashewa kafin a sami madadinsa. Mun zaɓi kaɗan daga cikinsu, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010 wadda na saya a hannun masu shigo da motoci ta Lome, kuma da makulli ɗaya tak aka miƙo mini ita. Makullin ya ɓace mini a wurin ɗaurin aure. Na kira wani yaro mai yankan makulli, ya ciro kubar ƙofar ya yanka mini wani a kan sefa jika 5. Sabon makullin yana buɗe ƙofa kuma yana juyawa a kontak, injin yana ta ƙoƙari amma ba ya kamawa. Wani mai na'ura ya ce zai gama mini aikin a kan jika 70, wani abokina kuma ya ce kada in yarda da shi, in kai motar wurin wakilin kamfani a Yamai. Wanne ya fi sauƙin kuɗi, kuma wanne ya fi aminci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Yaron da ya yanka maka makulli bai cuce ka ba. Rabin aikin ya yi, kuma shi ne rabin da ya fi araha. A cikin baƙar robar da ke kan makullinka na asali akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da masu sana'ar ke kira cip, wadda ba ta amfani da batir ko kaɗan. A kewayen ramin kontak kuma an naɗa wani zoben waya. Da zarar ka zura makulli, zoben nan zai aika wa cip ɗin ƙarfin lantarki ta iska, shi kuma ya mayar da lambarsa ta sirri. Idan lambar tana cikin waɗanda ƙwaƙwalwar motar ta haddace, sai ta saki mai da wuta. Idan kuwa ba ta ciki, sai ta riƙe su, injin ya yi ta juyawa a banza. Ka duba allon gaban direba, za ka ga wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa. Da makulli na gaskiya takan mutu nan take, amma da wanda aka yanka maka za ta ci gaba da ƙyaftawa. Don haka ka daina murɗa kontak ɗin, domin ba abin da za ka samu sai kashe batir da gajiyar da abin tayar da injin.

Wannan tsari na hana sata ya zama tilas ga sababbin motoci a Jamus tun farkon shekarar 1998, a Ingila kuma daga watan Oktoba na wannan shekarar, sannan Kanada ta bi sahu a 2007. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta tilasta shi ba, shi ya sa har yanzu ake samun wasu motocin can da ke tashi da ƙarfe zalla. Tun da yawancin motocin da ke yawo a titunanmu tsofaffin hannu ne da suka fito daga Turai da Amurka ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, da wuya ka sami motar Turai da aka ƙera bayan shekarar 2000 ba tare da cip ba.

Kafin a kwatanta farashi, ya kamata a san abin da ake biya wa kuɗin. Akwai kuɗin ƙarfen da yankansa, wanda ka riga ka biya. Akwai kuɗin cip, tare da na rimot idan kana son maɓallan buɗe ƙofa daga nesa. Akwai ladan shigar da sabon makullin cikin ƙwaƙwalwar motar, kuma nan ne kuɗin ke taruwa, musamman ga mutum irinka da ba shi da sauran makulli ko ɗaya, domin motar ba ta karɓar baƙon makulli cikin sauƙi sai wanda ta sani ya gabatar da shi. Idan babu shi, dole a shafe abin da ta haddace gaba ɗaya a sake koya mata daga farko. Sannan akwai kuɗi na huɗu da mutane ke mantawa da shi wajen lissafi, wato na haɗa motar da mai aikin a wuri guda.

Wannan kuɗi na huɗu shi ne ya raba mu da mutanen Yamai. Manyan wakilan kamfanonin motoci, irin su CFAO da ke wakiltar Toyota a ƙasar nan, a babban birni suke. Abin da ake samu wurin wakili a bayyane yake: makulli na asali da aka yi odarsa da lambar shasin motarka, na'urar kamfanin da kanta, rasit, da garanti idan wani abu ya lalace a hannunsu. Waɗannan abubuwa suna da daraja, ba na raina su. Sai dai ba a shigar da makulli cikin mota sai motar tana wurin, kuma tsakanin Maraɗi da Yamai akwai tafiyar kimanin kilomita 660 ta Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutse da Doso. Motar da ba ta tashi sai an ɗora ta a kan wata. Ka haɗa kuɗin ɗaukar, da man dawowa, da masauki, da kwanakin da za ka bar shagonka, sannan da jiran isowar makullin idan ba su da irinsa a ajiye. Shi kansa makullin asali farashinsa yana bin kuɗin waje. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun shekarar 1999, saboda haka duk kayan da aka saya yuro 100 a Turai ya riga ya haura jika 65 kafin a ɗora masa kuɗin jirgi, na duwan da ribar mai sayarwa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi motocin hannu musamman, wanda abokinka bai yi la'akari da shi ba. Lambar shasi tana gaya wa kamfani yadda motar ta fito daga masana'anta ne, ba yadda take a yau ba. Motar da ta yi shekaru a hannun mutane daban-daban, ta haye teku, ta zauna a filin tashar ruwa, mai yiwuwa an taɓa canja mata kontak, ko kubar ƙofa, ko ma ƙwaƙwalwar. Idan haka ta faru, makullin da aka yanka bisa lambar shasi ba zai ma juya ba. Mai makulli na gari kuwa daga jikin kubar da ke gabansa yake karanta haƙoran makullin, kuma ka ga shaida da idonka, tun da wanda aka yanka maka yana juyawa.

Masu na'urar nan na gari suna aiki ne da kayan da kamfanonin Sin irin su Autel da Xhorse ke ƙerawa a birnin Shenzhen. Suna jona na'urar a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda aka tilasta sanya ta a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. A motocin Toyota da yawa na zamanin taka, idan an nemi shafe makullan da suka ɓata, motar takan sa a jira kimanin minti 16 kafin ta amince, kuma da gangan aka yi hakan domin ɓarawo ya rasa sukunin tsayawa. Idan ka ga mai aikin ya zauna yana kallon na'ura ba ya taɓa komai, ba wasa yake ba. A wasu motocin kuwa wannan hanya ba ta yiwuwa, sai an kwance allon gaba an ciro akwatin tsaron, wato wanda ke riƙe da lambobin makullan, an karanta shi a kan tebur. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo, domin kuskure ɗaya a cikin akwatin nan yana iya jawo maka sayen wata ƙwaƙwalwar, kuma kuɗinta ya fi na makulli nesa ba kusa ba.

Wasu za su ce maka ka leƙa Katsina ko Kano, inda masu wannan sana'a suka fi yawa kuma kayan suka fi samuwa. Gaskiya ne yawancin kayan aikin ta can suke shigo mana, shi ya sa ma farashinsu ke hawa da sauka tare da naira. Amma matsalar guda ce, sai mota ta je, ko mai aikin ya zo, ko a kwance akwatin a kai masa, ga kuma takardun ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya.

Ra'ayina a kan Corolla ta 2010 shi ne ka ba ƙwararren mai makulli na nan gari, domin irin tsarinta sananne ne a wurinsu, kuma kuɗin kai ta Yamai kaɗai yana iya cinye abin da aka nema a hannunka. Amma kada ka karɓi jika 70 ɗin a dunƙule. Ka ce ya rarrabe maka nawa ne cip, nawa ne rimot idan yana ciki, nawa ne ladan aikinsa. Ka tambaye shi ko ta kafar ƙarƙashin sitiyari zai bi ko sai ya kwance akwati, kuma wa zai ɗauki asara idan akwatin ya lalace, a yi wannan magana a gaban shaida. Ka nemi ya yi maka makulli biyu a zama ɗaya, tun da babban aikin sau ɗaya ake yin sa, na biyun kuma ƙarin kuɗinsa kaɗan ne. Ka tsaya a wurin har a gama, ka tayar da motar da kowane makulli sau da yawa, sannan ka cika kuɗi. Ina kuma ba ka shawarar ka lura da abu guda tun kafin a fara: mai sana'ar kirki zai nemi ganin kart giriz, wato takardar mallakar motar, da katin shaidarka. Wanda bai damu ya san ko motar taka ce ba, gobe ma ba zai tambayi wanda ya kawo masa ita ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Tibiri. Motata Toyota ce, makullanta biyu ne, ɗaya ya ɓata tun bara. Ina son in yi wani, amma maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce tun da wanda ya rage yana aiki lafiya. Wani kuma ya ce zai kwafa mini shi cikin minti kaɗan ba sai na kawo motar ba. Shin in yi, kuma wannan kwafin yana da kyau?

Amsa: Malama, ki gaida maigida, ki kuma karanta masa amsar da na ba Alhaji a sama, domin halin da Alhaji ke ciki shi ne abin da ke jiran duk mai makulli ɗaya. Muddin akwai babban makulli mai rai a hannu, ƙara wani aiki ne na ɗan lokaci, ba a shafe komai, ba a kwance komai, kuma ba a ɗaukar mota zuwa ko'ina domin da ƙafarta za ta je. Ranar da na ƙarshen ya ɓata, ko ya faɗa rijiya, ko ya karye a kontak, kuɗin zai ninka, kuma zai zo a ranar da ba ki shirya masa ba. A ganina wannan ba ya cikin kuɗin da ake jinkirtawa.

Game da kwafi kuwa, hanyoyi biyu ne, kuma ya kamata ki san bambancinsu. A hanya ta farko, ana karanta lambar cip ɗinki a rubuta ta a kan wani cip ɗin, motar kuma ta ɗauka makulli ɗaya ne take gani. Wannan ya fi araha da sauri, kuma a wasu ire-iren cip ba a buƙatar motar. Aibinsa shi ne bai taɓa ƙwaƙwalwar motar ba, saboda haka makullin da ya ɓata bara har yanzu yana cikin waɗanda ta sani, duk wanda ya tsince shi ya kuma gane motar zai tayar da ita. A hanya ta biyu ana jona na'ura a motar, a shigar da sabon makulli da lambarsa ta kansa, kuma a lokacin ne ake iya share wanda ya ɓata. Idan kin tabbata naki a cikin gida ya shige wani lungu, kwafi ya wadatar. Idan a kasuwa ko a makaranta ya ɓata, inda mutane suka san motarki, ki biya ƙarin a share shi.

Ki kuma duba irin makullin da ya rage miki. Motocin Toyota da yawa suna zuwa da babban makulli mai baƙin kai da kuma ƙarami mai kai ruwan toka, wanda aka yi domin a ba mai wanki ko mai ajiye mota. Ƙaramin yana tayar da injin, amma ba shi da ikon gabatar da sabon makulli. Ana gane su ta jar fitilar nan: da babban takan mutu nan take, da ƙaramin kuwa takan tsaya a kunne na daƙiƙa biyu kafin ta mutu. Idan ƙaramin ne a hannunki, aikin zai fi tsada, kuma gara ki sani kafin a fara ciniki. A jikin ƙarfen, kusa da robar, za ki iya ganin ɗigo, ko harafin G, ko H. Wannan alama ce ta irin cip ɗin da ke ciki, kuma ita ce abu na farko da mai makulli zai tambaye ki idan kin kira shi a waya.

Tambaya: Ni direban tasi ne a cikin gari. Robar makullina ta fashe, cip ɗin ya faɗo amma na tsince shi. Makanikina ya ce zai manne shi da salatif a jikin kontak, sai in riƙa yanka makulli na ƙarfe ko nawa nake so da kuɗi kaɗan. Ya ce idan na ga dama ma zai kashe tsarin gaba ɗaya. Mene ne laifin hakan?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da makanikinka ya faɗa yana aiki, ba ƙarya ya yi maka ba, kuma na san dalilin da ya sa maganar ta yi maka daɗi, domin mai tasi da abin da ya samu a yini yake cefane. Amma ka dubi abin da za ka bayar a madadin. Idan cip yana manne a jikin kontak dare da rana, motar kullum a shirye take ta tashi, ba abin da ya rage tsakaninta da ɓarawo sai kubar ƙarfe, wadda ake karya ta da sukundireba. Ka mayar da motarka irin ta shekarun 1980 ke nan, a garin da iyaka ba ta da nisa, kuma motar da ta ƙetare da dare samo ta ba ƙaramin aiki ba ne. Ita ce jarinka, kuma bai kamata a jefa jari cikin haɗari saboda kuɗin robar makulli ba.

Akwai kuma matsalar yau da kullum. Zafin Maraɗi a watannin Afrilu da Mayu yana narkar da salatif da gam, cip ɗin ya goce daga wurinsa, motar ta ƙi tashi da fasinja a ciki, ko ya faɗa cikin rufin sitiyari a rasa shi. Kashe tsarin gaba ɗaya ya fi wannan muni, domin sai an buɗe ƙwaƙwalwar injin an sauya abin da ke rubuce a cikinta, kuma ba kowa ke iya mayar da shi yadda yake ba. Ranar da za ka sayar da motar, mai saye da ya san mota zai rage maka kuɗi a kan haka.

Abin da kake buƙata ya fi duk wannan sauƙi. Ana sayar da ƙoƙon makulli fanko, wato roba da ƙarfe ba tare da kayan lantarki ba, kuma yana cikin mafi arahar kayan wannan sana'a. A yanka ƙarfen daidai da naka, a sa cip ɗinka na asali a gurbinsa, a rufe. Ba a buƙatar na'ura, domin motar ta riga ta san wannan cip ɗin. Kafin ka kai ga yin hakan, ka ajiye shi a cikin 'yar leda a wurin da ba zai fashe ba, musamman idan irin cip ɗin nan ne mai jikin kwalba.

Tambaya: Na aika an sayo mini makulli mai rimot a Kano, kamarsu ɗaya da nawa har tambari. An yanka, an shigar da shi, motar tana tashi, amma maɓallan buɗe ƙofa ba sa aiki. An sa sabon batir, shiru. An cuce ni ne?

Amsa: Malam, ba lalle ne an cuce ka da gangan ba. Cip da rimot abubuwa biyu ne daban da ke zaune a gida ɗaya, kuma kowannensu da hanyar shigar da shi, don haka abu na farko shi ne ka tambayi mai aikin ko ya shigar da rimot ɗin ma, domin wasu suna tsayawa da zarar injin ya tashi. Idan ya gwada ya ƙi, to mafi yawan lokuta zangon rediyo ne bai dace ba. Rimot ɗin motocin Amurka yawanci yana magana ne a kan megahaz 315, na Turai kuma a kan 433, kuma robar waje ba ta nuna wannan bambanci. Mota ƙira ɗaya, shekara ɗaya, idan ɗaya an yi ta domin kasuwar Amurka ɗaya kuma domin Beljiyam, rimot ɗinsu ba ya shiga na juna.

Lambar shasi tana taimakawa wajen gane irin rimot ɗin da ya dace da motarka. Tun 1981 take da haruffa da lambobi 17, kuma farkonta yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan, 1 ko 4 ko 5 na Amurka, 2 na Kanada, W na Jamus, VF na Faransa. Sai dai ƙasar ƙira ba kullum take zama ƙasar da aka sayar da motar ba, tun da Japan tana ƙera wa kowa. Abin da ya fi tabbas shi ne a buɗe tsohon rimot a karanta lambar da ke jikinsa, ko a danna shi a gaban 'yar na'urar auna zango da masu makulli ke da ita. Duk wanda zai yi saƙon makulli daga nesa, ya aika da hoton wannan lamba, ba hoton robar ba. Masu motocin da ake tayarwa da maɓalli kuma su yi hattara da makullin hannu da aka ciro daga wata motar, domin irinsa yakan kulle kansa ga motar farko, ba ya karɓar ta biyu sai an wanke shi da na'ura, wato an goge bayanan motar farko daga cikinsa, kuma ba kowane iri ne ke wankuwa ba.

Tambaya: Daga amsoshinku na baya na lura kuna yawan tura mutane wurin masu sana'a na gari. Shin babu lokacin da zuwa wurin wakilin kamfani ya fi? Ni ma'aikaci ne a wata ƙungiyar agaji, ina kula da motocinmu, kuma ina da tsohuwar Peugeot 406 ta kaina.

Amsa: Akwai, Malam, kuma motocin ofishinku suna cikin misalan farko. Duk motar da aka saya sabuwa a hannun wakili kuma garantinta bai ƙare ba, kamar Hilux da Land Cruiser da ƙungiyoyi ke aiki da su, can ya kamata a nema mata makulli, domin idan baƙuwar na'ura ta lalata wani abu a cikinta, kamfani yana da hujjar ƙin ɗaukar nauyin gyaran. Ga kuma rasit da masu binciken kuɗin ofis za su nema. Irin waɗannan motoci suna zuwa da makullai fiye da ɗaya da kuma wani ɗan faranti mai ɗauke da lambar yankan makulli. A ajiye farantin a akwatin ofis, kada a bar shi rataye da makullin da direba ke yawo da shi. Tun da akwai makulli na biyu, motar za ta kai kanta Yamai, sai a haɗa aikin da wata tafiyar.

Misali na biyu shi ne motocin da kamfani ya rufe tsarinsu. Mercedes da aka ƙera daga wajajen 2014 zuwa yau makullinsu daga kamfani yake fitowa ta hannun wakili, bayan an nuna takardun mallaka, kuma sababbin motoci da yawa na wasu kamfanonin ma sai na'urar ta haɗu da kamfani ta intanet kafin a ba da izini. Wanda ya ce maka zai yi irin wannan a gindin bishiya da rabin kuɗi, ka nemi ya nuna maka wadda ya taɓa yi kafin ya taɓa taka.

Ita kuwa 406 ɗinka ba ta buƙatar tafiya. Motocin Peugeot na wancan zamani suna da lambar sirri mai haruffa da lambobi huɗu, wadda ake bayarwa a kan wani ɗan kati tare da sabuwar mota. Ka bincika cikin littafin motar da akwatin gaba, wani lokaci katin yana nan tun daga Faransa ba wanda ya kula da shi. Idan ka same shi, ka rage wa mai makulli aiki ka rage wa kanka kuɗi. Ranar shigarwa ka tafi da duk makullan da kake da su, domin wanda ba a gabatar ba a wannan zaman motar za ta manta da shi.

Tambaya: An sace mini jaka a babbar kasuwa, a ciki akwai makullin motata da kart giriz. Ina da makulli na biyu a gida. Inshorata za ta biya ni? Kuma me ya kamata in fara yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya ɗauki jakarki yana riƙe da makulli, yana kuma riƙe da takardar da ke ɗauke da lambar motar da sunanki, don haka wannan ya wuce ɓatan makulli na yau da kullum, kuma gaggawa yake so. Ki fara da ɗauke motar daga inda kika saba ajiye ta, a shigar da ita gidan da ke da ƙofa mai kulle. Sannan ki je komisariya ki ba da rahoto, ki karɓi takardar shaidar ɓata, domin da ita za ki nemi sabuwar kart giriz, kuma ita ce za ta kare ki idan aka yi amfani da takardunki a wani wuri. Bayan haka ki kai motar da makullinki na biyu a share wanda aka sace daga ƙwaƙwalwarta, a yi miki wani a zama ɗaya. Sharewar tana hana injin tashi ne kawai. Ƙarfen da ke hannun ɓarawon zai ci gaba da buɗe ƙofa da but, saboda haka idan kina barin kaya a cikin mota, ki sa a sauya haƙoran kubar ƙofofin ko a canja su.

Game da inshora, wadda doka ta tilasta a Nijar da sauran ƙasashen Afirka da ke bin dokar inshora ta bai ɗaya da ake kira CIMA ita ce ta biyan ɓarnar da motarki ta yi wa wasu, ba ta biyan makulli kuma ba ta biyan satar motar kanta. Idan kin sayi mai faɗi wadda ta haɗa da sata, ki ɗauko takardar yarjejeniyar ki karanta sashen sata, sannan ki sanar da kamfanin a rubuce cikin kwanakin da aka ƙayyade a ciki, ki haɗa da kwafin takardar komisariya da rasit ɗin mai makulli wanda ya nuna ranar da aka share makullin da aka sace.